Jijiya ta buɗe, mutum ya kulle ɗaki: lamarin wani ɗan kasuwa bayan bugun zuciya

Wannan bayani ne a kan wani majinyaci da ciwon damuwa ya kama bayan bugun zuciya, wanda muka bi lamarinsa wata goma sha huɗu a sashen masu ciwon zuciya na wani asibiti a Kano, inda nake aikin jinya. An sakaya sunansa. Zan riƙa kiransa Alhaji, kamar yadda kowa ke kiransa a gida da kasuwa. Duk lissafin kwanaki ya fara ne daga ranar da ciwon zuciyar ya buge shi.

## Kafin ciwon

Shekarunsa 56. Yana sayar da atamfa da shadda a Kantin Kwari, shago biyu, yaran shago shida. Ya shiga kasuwa yana ɗan shekara goma sha huɗu yana ɗaukar wa ubangidansa dila. Matansa biyu, 'ya'ya goma sha ɗaya. Ba ya shan taba. An gano yana da hawan jini shekara tara da suka wuce, amma ba ya shan maganin sai ranar da kai ya sara masa. Nauyinsa kilo 91.

Rayuwarsa a waje take. Sahun farko da asuba, kasuwa daga hantsi har la'asar sakaliya, bayan isha'i kuma a shimfiɗa tabarma a ƙofar gidansa a yi majalisa. A nan ake kawo masa rigimar gado da ta aure da ta bashi, ya sasanta.

Abu biyu a tarihinsa ba su shiga fayil ba sai daga baya, don babu wanda ya tambaya. Mahaifinsa ya yanke jiki ya faɗi a kasuwa yana da shekara 58, bai ƙara tashi ba. Sannan lokacin da mahaifiyarsa ta rasu, shekara goma sha biyu baya, Alhaji ya yi wajen wata huɗu ba ci ba barci, ya rame, ya daina fita. Dangi suka ce zaman makoki ne ya yi masa tsawo, daga baya abin ya wuce da kansa.

## Rana ta 1 zuwa ta 9: asibiti

Ana saura kwana ashirin a ɗauki azumi, bayan la'asar, ya ji kamar an ɗora masa buhun siminti a ƙirji, ga gumi, ga hannun hagu ya yi nauyi. Ya ɗauka olsa ce, ya aika yaro ya sayo maganinta. Sai bayan awa bakwai aka kawo shi. Awon jininsa 170 bisa 104, na'urar ECG ta nuna ɗaya daga cikin jijiyoyin da ke shayar da zuciya ta toshe. Aka yi masa allurar streptokinase mai narkar da gudan jini. A rana ta 5 aka tafi da shi wani asibitin kuɗi a Abuja, aka zura masa ɗan bututun raga na ƙarfe, wanda likitoci ke kira stent, don jijiyar ta zauna a buɗe. Kuɗin aikin sai da ya cinye fili ɗaya, aka kuma ci bashi wurin wani abokin kasuwancinsa.

Irinsa ne dai ake yawan kawowa. Rajistar masu bugun zuciya ta ƙasa da Farfesa Simeon Isezuo na Sakkwato ya jagoranta, wadda aka wallafa a 2022, ta tattara majinyata 1,072, matsakaicin shekarunsu wajen 59, kashi biyu cikin uku maza. Wato magidanta ne da ke tsakiyar ɗaukar nauyin jama'a.

Hoton zuciya ya nuna tana harba kashi 45 cikin 100 na jinin da ke cikinta a kowane bugu. Mai lafiya yakan yi 55 zuwa sama, saboda haka ta raunana amma ba ta lalace ba. A rana ta 9 aka sallame shi da magani shida: asfirin da clopidogrel don kada jini ya daskare a bututun, atorvastatin na kitse, bisoprolol da lisinopril na hawan jini da kare zuciya, sai ƙwayar da ake sawa ƙarƙashin harshe idan ƙirji ya riƙe. Bayanin sallama bai wuce minti biyar ba. Abin da iyali suka riƙe daga ciki jimla ɗaya ce: a bar shi ya huta, kada a tayar masa da hankali.

## Mako na 2 zuwa na 7: azumi da kasuwar Sallah

Iyalin sun bi umarnin nan sau da ƙafa. Aka karɓe wayarsa. Aka naɗe tabarmar majalisa. Masu dubiya ba sa wuce minti biyar, uwargida na tsaye a bakin ƙofa. Aka gargaɗi babban ɗansa kada ya kuskura ya kawo maganar shago, ko ta riba ko ta asara. Jikoki idan suka yi hayaniya a kora su gidan maƙwabta. Ko buta zai ɗauka sai a ce, "Alhaji, ajiye, bari a kawo maka."

Likita ya hana shi azumi, kuma hanin yana kan daidai, domin wanda bai cika mako shida da bugun zuciya ba yana cikin waɗanda azumi ke da haɗari gare su. Sai dai tun yana yaro Alhaji bai taɓa shan azumi ba. Ya riƙa sa a tura ƙofa kafin ya ci abinci don kada yara su gani. Yana jiyo karatun tarawihi daga lasifikar masallacin unguwa yana kwance.

Kwana goman ƙarshe na azumi su ne kakar ɗan Kwari, abin da ake samu a cikinsu yakan riƙe shago watanni. Ɗansa ya riƙe kasuwar, kuma ya yi ciniki mai kyau. Ranar Sallah wani ƙanin Alhaji ya yi suɓul da baka, ya ce yaron ya yi abin da ya fi na bara. Kowa ya yi murna. Daga baya Alhaji ya faɗa mana abin da ya ji a ransa a ranar: ashe ko babu shi komai na tafiya.

Ya zo ganin likita a mako na 2 da na 6, kuma ni na auna shi duka biyun. Na ce, "Alhaji, ya jiki?" Ya ce, "Da sauƙi, alhamdulillahi." Awon jini 128 bisa 80. Nauyi ya sauko zuwa 86, muka yaba masa, aka rubuta cewa yana kiyaye abinci.

## Wata na 2 zuwa na 4: abin da gida ya gwada

Bayan Sallah abin ya fito fili. Yakan farka ƙarfe biyu ko uku na dare, ba ya komawa. Rediyon da ba ya rabuwa da ita ya sa aka fitar masa da ita daga ɗaki. Wanka sai an yi ta fama. Yana iya tsayuwa amma sallah a zaune yake yi, a ɗaka. Hannunsa kullum a ƙirji yana ƙirga bugun. Mutumin da aka sani da haƙuri ya koma yi wa ƙananan yara tsawa a kan abin da bai kai ya kawo ba. Ya daina zagayen kwana, ya tare a ɗakinsa na zaure.

Wannan na ƙarshe shi ya kunna wutar gida. Uwargida ta zargi amarya, amarya ta zargi uwargida, dangin Alhaji kuma suka zargi abokin kasuwancin da ya ba da bashi, wai sammu ya yi don ya gaje shagunan. Aka ɗauko mai ruƙiyya sau uku. Aka yi rubutu, aka yi tofi a zamzam, aka haɗa zuma da habbatussauda. Alhaji bai ƙi ba, ya ce karatun na sanyaya masa rai na ɗan lokaci. Barci dai bai dawo ba, zargin kuma ya bar ɓaraka tsakanin matan da ta ɗauki watanni kafin ta ɗinke.

Sai nasiha ta biyo baya. Yayansa ya zo takanas daga ƙauye ya zaunar da shi. "Kai da Allah Ya tashi kafaɗarka, wasu ko asibiti ba sa kaiwa. Ina tawakkalinka? Ka ji tsoron Allah ka daina butulci." Alhaji ya sunkuyar da kai ya ce gaskiya ne. Daga ranar ya ƙara wani nauyi a kan wanda yake ɗauke da shi, wato tunanin cewa imaninsa ne ya yi rauni.

A wata na 3 wani ɗansa ya je kemis ya ce Baba ba ya barci. Mai kemis ya ba da amitriptyline da diazepam, bai tambayi wane ciwo ke gare shi ba. Barci ya ɗan samu, tare da bushewar baki, da taurin bayan gida, da jiri idan ya miƙe. Sau ɗaya ya faɗi a banɗaki. Amitriptyline na cikin tsofaffin magungunan damuwa da ake kauce musu ga wanda ya yi bugun zuciya, saboda suna iya hargitsa tsarin bugawarta.

Ya sake zuwa wurinmu a mako na 10 da na 14. Da sauƙi, da sauƙi. Nauyi 82, sannan 79.

Kusa da Babbar Sallah ya kira ƙaninsa ya yi wasiyya, ya lissafa bashin da ake binsa da wanda yake bi. A makon ne kuma ya daina shan magungunan zuciyar. Idan an miƙa masa sai ya ce a ajiye, ya tura su ƙarƙashin katifa. Ya yi kwana goma sha biyar a haka babu wanda ya sani.

## Rana ta 118: dawowa asibiti

Ƙarfe ɗaya na dare aka kawo shi, ƙirji ya riƙe, jiki na rawa, yana kalmar shahada. ECG ba ta nuna sabon abu ba. Gwajin troponin, sinadarin da ke malalowa cikin jini idan tsokar zuciya ta ji rauni, an yi shi sau biyu da tazarar awanni, duka lafiya. Firgici ne ya taso masa. Aka ba shi gado don a sa ido.

Da safe uwargida ta zo da baƙar leda. Tana gyaran shimfiɗa ta ɗaga katifa ta ga ƙwayoyin. A cikin ledar har da na kemis. Likitan zuciya da ya ƙirga kwanakin sai da ya dafe kai, domin barin clopidogrel da asfirin a watannin farko bayan sa bututun na iya sa jini ya daskare a ciki, jijiyar ta toshe gaba ɗaya nan take. Allah ne kawai Ya tsare.

Wata matashiyar likita ce ta ja kujera ta zauna kusa da gadon bayan an gama zagaye. Ba ta tambaye shi jiki ba. Ba ta kuma ce ko yana cikin damuwa ba, don ta san amsar dattijo Bahaushe ga wannan: Musulmi ba ya rasa godiya. Cewa ta yi, "Baba, yaushe rabonka da majalisa?" Ya ce tun kafin azumi. Ta ce, "Yaushe rabon da ka ji daɗin wani abu, ko abinci, ko hira, ko ganin jika?" Ya yi shiru mai tsawo. Sai ya ja bakin rawaninsa ya rufe fuska.

Daga nan ta bi da shi tambayoyi tara na takardar PHQ-9, da Hausa, ɗaya bayan ɗaya: barci, cin abinci, gajiya, tattara hankali, ganin kai a matsayin wanda ya gaza, da sauransu. Makin takardar daga 0 ne zuwa 27, kuma daga 10 ake ɗaukar abin da muhimmanci. Alhaji ya samu 19. Tambaya ta tara a kan tunanin mutuwa ce. Amsarsa na rubuta ta yadda ya faɗa: "Ba zan kashe kaina ba, 'yata, haramun ne. Amma kullum ina roƙon Allah Ya ɗauke ni kafin in zama kaya. Mahaifina ma bai wuce hamsin da takwas ba." A zaman ne labarin rasuwar mahaifiyarsa ya fito.

Aka duba yawan jini, da suga, da gishirin jini, da aikin maƙoƙo, tunda kowannensu na iya kawo kasala irin wannan. Duk lafiya. Aka rubuta a fayil: ciwon damuwa mai ƙarfi, karo na biyu a rayuwarsa.

Wajen mutum ɗaya cikin biyar da suka tsira daga bugun zuciya sukan faɗa wannan hali. An daɗe da sanin haɗarinsa. A 1993 masu bincike a Montreal ta Kanada, ƙarƙashin Nancy Frasure-Smith, sun bi majinyata 222, suka ga masu ciwon damuwa sun fi sauran mutuwa cikin wata shida da fiye da ninki huɗu. Bincike-binciken da suka biyo baya sun sauko da adadin zuwa wajen ninki biyu. Tun 2008 Ƙungiyar Zuciya ta Amurka ta ba da shawarar a riƙa yi wa masu ciwon zuciya waɗannan tambayoyin, a 2014 kuma ta sa ciwon damuwa cikin abubuwan da ke munana makomar wanda ya yi bugun zuciya.

## Mako na 17 zuwa na 19: yunƙurin farko ya sha ƙasa

Aka mayar da shi kan magungunan zuciya, aka damƙa su a hannun uwargida ta riƙa ba shi tana kallo. Aka tsayar da amitriptyline, diazepam kuma aka riƙa rage shi a hankali cikin mako biyu. Aka rubuta masa maganin damuwa sertraline, miligiram 50 kullum, tare da takardar zuwa ganin likitan ƙwaƙwalwa.

Takardar ba ta bar harabar asibiti ba. Da ya ji inda aka tura shi sai ya ce, "Dawanau za ku kai ni? Ni da nake aurar da 'ya'ya?" Ya ninke ta ya miƙa wa ƙaninsa. A Kano sunan asibitin ƙwaƙwalwar nan kaɗai ya isa ya lalata neman aure, kuma yana da 'yan mata uku a gabansa. Ko da ya yarda ma, likitocin ƙwaƙwalwa a Nijeriya 'yan ɗaruruwa ne ga mutum sama da miliyan 200.

Maganin ma bai daɗe ba. Ya sa shi tashin zuciya da gudawa, bai kuma ji wani sauyi ba. A rana ta 8 wani ɗansa ya duba sunan a waya ya ce ai wannan na masu taɓin hankali ne. Aka jefar. Da ya dawo a mako na 19 makinsa 20.

## Wata na 5 zuwa na 8: abin da aka sake

Wannan karon zaman ya ɗauki kusan awa guda, kuma an kira uwargida da amarya da babban ɗa. Likitan zuciya da kansa ya yi bayanin, a ɗakin da Alhaji ya saba shiga. Ya ce masa ciwon nan abokin tafiyar bugun zuciya ne kamar yadda kumburin ƙafa yake, cewa yana ganin irinsa kowane wata, kuma maganin na cikin kulawar zuciyar. Ya faɗa masa tun da wuri cewa kwana goman farko cikin zai ɗan yamutse, amfanin kuma ba ya fara bayyana sai mako biyu zuwa huɗu, wani lokaci shida. Aka fara da miligiram 25 bayan karin kumallo, bayan mako guda aka koma 50. Aka ƙara pantoprazole don kare ciki, domin sertraline idan ya haɗu da asfirin da clopidogrel yana ƙara yiwuwar zubar jini. Likitan ƙwaƙwalwa ya shigo ta waya tsakaninsa da likitanmu, daga baya ya zo sashenmu ya gan shi sau biyu.

An zaɓi sertraline ne saboda gwajin SADHART na 2002, wanda aka yi kan majinyata 369 da ba su daɗe da bugun zuciya ko makamancinsa ba. Ya nuna maganin ba ya raunana zuciya, kuma ya fi amfanar waɗanda damuwarsu ta yi tsanani ko suka taɓa yin ta a baya. Alhaji ya cika duka biyun.

A ranar kuma muka yi wani abu da bai ci ko sisi ba. Na ɗaura masa na'urar awon bugu a yatsa, likita na gefe, muka sa shi ya hau bene hawa biyu. Ya tsaya a ƙasan matakala yana kallonmu kamar mun ce ya faɗa rijiya. Ya hau. Bugun ya tashi daga 68 zuwa 98, babu ciwon ƙirji, cikin minti uku ya sauko. Na nuna masa lambar tana sauka da idonsa. Sannan ya yi tafiyar minti shida a baranda, mita 310. Matan suna kallo. Likita ya juya ya ce musu, "Hajiya, hutun ya isa haka. Daga yau butarsa shi zai ɗauka."

Aka rubuta jadawali a bayan katinsa. Makon farko, magariba a masallacin unguwa, mita 250 daga gida, da ƙafa, tare da wani amininsa tun na ƙuruciya da ya ɗauki alkawarin zuwa ƙofar gida kullum. Mako na biyu a ƙara isha'i. Na uku a mayar masa da wayarsa, a shimfiɗa tabarma rabin awa. Na huɗu ya je shago awa biyu, Litinin da Alhamis, kuma ɗansa ya kawo masa littafin lissafi ya duba, riba da asara duka. Sharaɗin shi ne ya yi abin ko ransa ba ya so, kada ya jira sai ya ji sha'awa. Ni kuma ina kiransa kowace Laraba, minti goma: kwana nawa ka fita, awa nawa ka yi barci, an sha magani?

Makon farko sau biyu kawai ya fita. Aminin ya ce wata rana sai da ya zauna a zaure ya rantse ba zai tafi sallah ba sai tare, har aka tayar da iƙama, sannan Alhaji ya jawo takalmi yana mita.

Limamin unguwar ya taimaka ta inda mu ba za mu iya ba. Aminin ne ya sanar da shi, da izinin Alhaji. Malam bai yi masa wa'azin tawakkali ba. Ya tuna masa Annabi Yaƙubu, wanda idanunsa suka yi fari don baƙin cikin rabuwa da Yusufu, kuma annabi ne. Ya tuna masa cewa a tarihin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, akwai shekarar da ake kira shekarar baƙin ciki, wadda Nana Khadija da Abu Ɗalib suka rasu a cikinta, kuma yana yawan neman tsari daga damuwa da baƙin ciki a addu'arsa. Game da azumin da ya sha, ya ce rangwame ne daga Allah, ya rama idan likita ya yarda. Alhaji ya ce mini a waya, "Sista, ashe ban fita daga sahu ba."

Maganar kwana sai da likita namiji ya keɓe da shi ta fito. Tsoro yake kada ya mutu a ɗakin matarsa, ya bar abin faɗa. Har ya sa an sayo masa maganin ƙarfin maza na kwalba, bai dai kai ga sha ba. Likita ya karɓe kwalbar, ya bayyana masa cewa irin waɗannan sau da yawa akwai sildenafil a ciki, wanda idan ya haɗu da ƙwayar ƙarƙashin harshe yana iya faɗar da jini har a rasa rai. Ya kuma ce masa wanda ya hau bene hawa biyu ba ciwo ba haki zuciyarsa za ta ɗauki iyali. A wata na 6 ya koma zagayen kwana, rikicin matan ya fara lafawa.

Bashin kuma, wanda aka ɓoye masa lissafinsa wata biyar yana ta ƙiyasta shi ninki biyu a ransa, aka zauna da mai shi aka yanka biya wata-wata.

Maki: 14 a mako na 24, sai 9 a mako na 28, sai 7 a mako na 30. A mako na 31 wani maƙwabcinsa a layin kasuwa ya faɗi ya rasu ba jinya. Alhaji ya je jana'iza, ya dawo ya kulle ɗaki kwana biyar, maki ya koma 13. Kiran Laraba ne ya kama abin. Aka ɗaga sertraline zuwa 100, aminin ya koma zaman zaure. Cikin mako huɗu ya sauko 6.

## Wata na 12 zuwa na 14

Maki 3. Tafiyar minti shida, mita 480. Hoton zuciya kashi 50. Awon jini 124 bisa 78, nauyi 83. Likitan zuciya ya tsayar da clopidogrel da shekara ta cika, asfirin ya ci gaba. Ya yi azumin bana da izinin likita, an raba magungunan tsakanin sahur da buɗa-baki, ya sha kwana uku da zafi ya tsananta. Yana zuwa shago kwana biyar a mako zuwa azahar. Saura kashi ɗaya cikin uku na bashin. Sertraline zai ci gaba, tunda wannan ne karo na biyu, kuma idan lokacin bari ya yi a hankali za a janye. Yana ƙorafin maganin ya rage masa sha'awa, ana kan duba wannan. A majalisa har yau cewa yake maganin jijiya ne, mu kuma ba mu gyara masa ba.

## Hukunci

A ganina hutun da aka tilasta masa ya fi komai yi masa illa, kuma daga bakinmu ya fito. Iyalin ƙauna ce ta sa su, garin gyaran gira suka kusa rasa ido. An cire wa mutumin da darajarsa ke tsakanin sahu da shago da tabarmar ƙofar gida duka ukun a rana ɗaya, aka bar shi da silin da tunanin shekarun mahaifinsa. Ruƙiyya da rubutu ba su cutar da jikinsa ba, sai dai an tsaya a kansu, zargin sammu kuma ya ɓata wata biyu. Nasihar yayansa da ta liman duk daga addini ɗaya suka fito, ta farko ta ƙara danne shi, ta biyu ta buɗe masa hanyar shan magani ba tare da jin ya saɓa ba.

Ba zan iya raba rabon sertraline da na tafiya masallaci ba, tare aka fara su. Abin da na gani shi ne barci da cin abinci sun fara gyaruwa a mako na uku na maganin, kuma sai bayan nan fitar ta daina zama kokawa. Yunƙurin farko da wannan maganin dai ya faɗi, abin da ya bambanta na biyu shi ne bayani, da fara kaɗan, da kiran waya, da wanda ya yi bayanin. Binciken da Mary Whooley ta jagoranta a yankin San Francisco kan mutum 1,017, wanda ya fito a 2008, ya gano cewa yawancin ƙarin haɗarin da damuwa ke jawo wa masu ciwon zuciya ta hanyar ɗabi'a yake biyowa, musamman rashin motsa jiki. Kwana goma sha biyar na ƙwayoyi a ƙarƙashin katifa misalin haka ne.

Ko jinyar damuwar ta tsawaita masa kwana, wannan ba abin da mutum ɗaya zai nuna ba ne, manyan gwaje-gwajen ma sun saɓa. ENRICHD na Amurka, mutum 2,481, a 2003 ya samu sauƙin damuwa ba tare da raguwar mace-mace ba. Wani na Koriya ta Kudu a 2018, mutum 300 da aka bi shekara takwas, ya samu manyan matsalolin zuciya ga kashi 41 na waɗanda suka sha maganin damuwa escitalopram, da kashi 54 na waɗanda ba su sha ba. Abin da ke tabbace a nan shi ne ya koma shan magungunan da ke riƙe da bututun a buɗe.

Namu laifin yana rubuce a fayil. Sau huɗu ya zo, sau huɗu muka karɓi "da sauƙi" a matsayin amsa, alhali gaisuwa ce, wanda ke gargarar mutuwa ma ita zai faɗa. Kilo goma sha biyu ya zube a wata uku da rabi muka kira shi kiyaye abinci. An ce labarin zuciya a tambayi fuska, mu kuwa na'urar awo muke kallo. Yanzu a sashenmu duk wanda ya dawo a mako na 2 da na 6 da wata na 3 ana yi masa tambayoyi biyun farko na takardar PHQ-9, ana tambayar wanda ya rako shi daban, kuma takardar sallama tana faɗin ranar da zai fara taka ƙafa zuwa masallaci. Kiran Laraba har yanzu da katin wayata nake yi, asibiti bai ware masa kuɗi ba.